Garin Kura: Daga Turkudi Zuwa Shinkafa

Wanda ya tashi daga Kano ya kama hanyar Zariya cikin watan Fabrairu, in ya yi tafiyar wajen mil 20 zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Ko'ina ƙasa ta bushe, hazo ya rufe sama, amma dama da hagun hanya gonaki ne kore shar, na tumatir da albasa da masara da alkama, ruwa kuma yana gudu a tsakaninsu. A bakin titi ga buhunan shinkafa an jibge, ga ƙarar injinan casa, ga manyan motoci ana yi musu lodi. To, nan ne ƙasar Kura.

Shekara 60 da suka wuce, in aka ambaci Kura, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne rawani da turkudi. Yau kuwa shinkafa ce. Ba wanda ya zauna ya yi niyyar sake halin garin. Abin da aka shirya shi ne a kawo ruwa gona cikin rani. Amma da ranin ya sake, sai sana'a ta bi shi, kasuwa ta bi shi, har zaman mutane da junansu ya zama wani iri. Labarin yana da amfani ga manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci, gama akwai garuruwa da yawa a Arewa da ake yi wa irin wannan shiri, ko kuwa suke roƙon Gwamnati ta yi musu.

KURA TA DA

A da, shekarar mutumin Kura kashi biyu ce, kamar ta sauran talakawan ƙasar Kano. Damina ta noma ce. A gona guda a shuka gero da dawa, a sa wake a tsakani, wani gefen gyaɗa, wani auduga, wani kuma baba. Magidanci da 'ya'yansa da ƙannensa su yi aikin gandu tare, a cika rumbu guda, a ci daga tukunya guda. In an gama kaka an kai amfani gida, sai gona ta huta har wata shida ko bakwai. Fulani su shigo da shanu su ci kara, su bar taki.

Wannan dogon hutun gona shi ne jarin garin. Mata su gurza auduga su yi kaɗi. Masaƙa su saƙa ƙyalle siriri, wanda faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Maɗinka su harhaɗa shi ɗaya bayan ɗaya har ya zama zane ko rawani. Daga nan sai marina, inda za a yi ta tsoma shi a baba har ya yi baƙi wuluk. Sa'an nan a kai mabuga, a sa masa shuni, a yi ta bugunsa a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Da rani, tun da safe ƙarar bugu ake ji a gari.

Masu sayen kayan nan galibinsu Buzaye ne. Fatake su ɗauka zuwa Damagaram da Agadas da gaba. Buzu yana son rawanin da shuninsa ke zuba a fata, yakan kuwa saye shi da tsada. Sarakuna da attajiran ƙasar Hausa ma, ran salla, rawani ɗan Kura suke naɗawa. Wani Bature matafiyi, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne tushen arzikin ƙasar, har ana kai tufafinta Tambutu da Tarabulus. Kura tana cikin garuruwan da suka riƙe wannan sana'a da kyau.

Wanda ba shi da sana'a kuwa, sai ya tafi cin rani birni ko Kudu, ya yi ga-ruwa ko dako, ya komo da faɗuwar ruwan fari.

SHIRIN RUWA

A 1967 aka yi Jihar Kano, aka naɗa Alhaji Audu Bako Gwamna. Mutum ne mai son noma, ya kuwa ɗauki sha'anin madatsun ruwa da ƙarfi. Aka fara da ta Bagauda, aka ja ruwanta zuwa Kadawa, kusa da Kura, aka gwada noman rani a can a farkon shekarun 1970. Sa'an nan aka tasar wa babban aiki, watau madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka fara a 1971 aka gama a 1974. Tsawonta ya kusa mil 4, tsayinta ya wuce ƙafa 150. Ana cikin ginin ne aka yi farin 1973, wanda ya halaka dabbobi da amfanin gona. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ba ta sake komawa yadda take ba. Saboda haka da ruwan Tiga ya iso, ya tarar da mutane suna matuƙar bukatarsa.

Hikimar aikin ita ce Tiga tana tudu, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa tana gangare, don haka ba a bukatar injin ɗaga ruwa. Ruwan yakan fito ta babbar hanya da aka haƙa masa, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya iso bakin gona, manomi ya ja shi da lanƙwasasshen bututu ya kwarara cikin shuka. Masana daga ƙasar Holan ne suka auna ƙasar suka zana taswirarta. An shirya hekta 22,000 a kashin farko, watau eka 54,000 da ɗoriya, amma abin da aka gama wajen hekta 15,000 ne. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Haɗeja da Jama'are.

Ruwa ba ya hawa tudu, ba ya kuma sanin iyakar gonar gado. Tilas aka kawo manyan motocin baje ƙasa suka daidaita wurin. Itatuwan da ke cikin gonaki, irin su ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo, da yawa aka tumɓuke su. Tsofaffin iyakoki suka ɓace. Da aka gama, sai aka mayar wa kowa gona gwargwadon abin da yake da shi, bayan an rage wani abu kaɗan domin hanyoyin ruwa da na mota. A can Tiga kuwa, dubban mutane ne ruwa ya cinye garuruwansu da gonakinsu, aka tashe su zuwa sabbin matsugunai. Waɗannan su ne suka fara biyan kuɗin arzikin da Kura ta samu.

ALKAMA AKA SO, SHINKAFA TA CI GARI

Masu shiri alkama suka fi so a noma da rani, domin a rage sayo ta daga ƙasashen waje. To, alkama tana son sanyi. In ana so ta yi kyau, sai a shuka ta wajen tsakiyar Nuwamba, ta yi girma cikin hunturu. In aka makara, zafin Maris ya same ta tana fitar da kai, ƙwayarta ta tsotse. Dawa kuwa ba ta isa girbi sai Nuwamba ko Disamba. Ke nan gona guda ba ta ɗaukar su biyun a shekara guda. Sannu a hankali dawa ta fita daga gonakin ruwa, masara da shinkafa masu saurin nuna suka maye gurbinta. Mutumin da ubansa bai taɓa auno hatsi a kasuwa ba, ya zama sai ya sayar da abin da ya noma kafin ya sayi dawar tuwo.

Alkamar ma ba ta zauna daram ba. A 1987 Gwamnati ta hana shigo da ita, kuɗinta ya tashi, manoma suka yi ta nomanta. Bayan 'yan shekaru aka janye dokar, ta waje ta sake cika kasuwa, da yawa suka bar ta. Manomi ya karɓi ruwan da hannu biyu, amma lissafin abin da zai shuka nasa ya yi. Ya ga tumatir da albasa da tattasai sun fi kawo kuɗi da rani. Ya ga kuma shinkafa ba ta jin tsoron yankewar ruwan sama in ga ruwan Tiga a gefe. Daga baya har ya koyi nomanta sau biyu a shekara. Da aka ƙuntata shigo da shinkafar waje a 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, sai injinan casa suka yawaita a Kura fiye da da.

GARI YA JUYA GA TITI

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne hada-hadar garin ta koma bakin titin Kano zuwa Zariya. Can ne injina suke, can ne rumfunan shinkafa, can ne motoci ke tsayawa. Buhu guda na shanshera, watau shinkafar da ba a cashe ba, kafin ya isa tukunyar mai ci sai ya bi ta hannun mutum kusan goma: dillali, mai awo, ɗan dako, mai turarawa, mai shanya, mai inji, mai fitar da tsakuwa, mai ɗinkin buhu, direba. Kowa da ɗan abin da yake samu. Matan da kakanninsu suka yi kaɗi, yanzu gumi suke yi, watau su jiƙa shanshera su turara ta a manyan tukwane kafin a kai inji. Da yawa daga cikinsu da jarinsu suke yi, daga cikin gida, su aiki yaro kasuwa.

Cin rani ma ya juya. Maimakon mutumin Kura ya tafi neman kuɗi wani gari, yanzu shi ake zuwa wa. Da lokacin dashe, da lokacin tsinkar tumatir, da lokacin girbi, 'yan ƙwadago sukan zo daga nesa. Har yanzu ana jin ƙarar bugu a ƙasar Kura, sai dai galibi bugun shinkafa ne a jikin ganga, a tsakiyar gona. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kura mutum fiye da 140,000.

Kuɗin hannu ya taɓa gandu. Saurayin da zai yi dashe daga safe zuwa azahar a biya shi nan take, da wuya ya yarda ya shekara yana yi wa babban gida aiki sai abin da aka ba shi. Gidaje suna rabuwa da wuri, gonaki suna ƙara ƙanƙancewa wajen rabon gado.

Gona kuwa ta yi daraja irin wadda ba a taɓa zato ba. Amma noman rani ba kamar na damina ba ne, da mutum zai fita da fartanya da irin da ya ajiye. Tun kafin a shuka ake fara kashe kuɗi: na ruwa, na tarakta, na iri, na takin zamani, na maganin ƙwari, na 'yan ƙwadago. Wanda ba shi da jari sai ya ba da gonarsa haya ko jingina ga attajiri ko ma'aikaci daga birni. Akwai wanda yakan koma ɗan ƙwadago a gonar da ya gada. Haka ruwan ya ɗaga waɗansu ƙwarai, ya bar waɗansu a inda suke, ko da yake kowa yana ganin kore a ƙofar gidansa.

Aikin akawu ma ya sake. A zamanin En'e, babban aikin malamin hakimi shi ne rubuta haraji da jangali. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Takardun da suka dami manomin Kura yau su ne rasiɗin kuɗin ruwa, da takardar haya, da littafin ƙungiya. A da rigimar iyaka a gaban dagaci take ƙarewa. Yanzu akwai rigimar da dagaci ba shi da mabuɗinta, watau ta ranar da za a buɗe ƙofar ruwa, da wanda zai fara sha.

Marina fa? Ba ruwan Tiga kaɗai ya rage ta ba. Yadin masaƙar zamani ya fi arha, garin rini na kanti ya fi baba saurin aiki, farin 1973 kuma ya karya Buzaye da yawa da ke sayen kayan. Amma noman rani ya ɗauke abin da sana'ar ta dogara a kansa, watau lokaci da hannuwan samari. Akwai gidajen da suka riƙe ta har yanzu, masu saye kuma suna zuwa daga Nijar, sai dai ba ita ce ke ciyar da garin ba.

ABIN DA BA A AUNA BA

Masu taswira sun auna ƙasa, sun auna ruwa, amma kasuwa ba ta shiga ma'auninsu sosai ba. Da yake kowa lokaci guda yake samun ruwa, lokaci guda kuma yake dashe, tumatir yakan nuna gaba ɗaya daga Janairu zuwa Maris. Sai kasuwar Kwanar Gafan ta cika maƙil, kuɗin kwando ya faɗi, wani lokaci har bai biya ladan tsinka ba. Wanda aka ɗora wa mota zuwa kasuwar Mil 12 ta Ikko, kafin ya isa na ƙasan kwando ya ruɓe. Mai dabara yakan yanka nasa ya shanya ya yi kauɗa, ya jira damina. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa, mai iya cin tan 1,200 a rana. A shekarar ce kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Masana'antar ta sha tsayawa, gama in tumatir ya yi tsada manomi kasuwa yake kaiwa, in ya yi arha kuma na 'yan makonni ne.

Ruwan da ba ya ƙafewa ya zo da nasa baƙin. Sauro ba ya tafiya da tafiyar damina kamar da. Yaran da ke wanka a hanyoyin ruwa suna kamuwa da tsagiya, watau fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke zaune a jikin ƙananan dodon koɗi. Tsuntsun jan-baki ya sami abinci rani da damina, har sai an sa yara kora. A cikin gari kuwa ga tsibin ɓuntu a bayan injina, ga ruwan gumi yana neman lambatu, ga bukatar itacen wuta ta ƙaru a ƙasar da aka sare itatuwanta. An zana wa ruwa hanya tun daga Tiga har bakin kunya, amma kasuwa da rumfuna da unguwanni sun tsiro ne yadda suka samu.

Makiyayi ma ya ga canji. Gonar da a da yake shiga bayan kaka, yanzu da shuka a cikinta duk shekara. In ba burtali, ba mashaya, tilas a yi ta samun saɓani. Can ƙasan kogi kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka dogara da ita ta ragu bayan an gina Tiga, da kuma madatsar Challawa a 1992. Ruwan da ya tsaya a wuri guda, a wani wuri aka rasa shi.

GARI A KAN HANYAR RUWA GUDA

Duk wannan arziki, da injinansa da motocinsa da rumfunansa, a kan hanyar ruwa guda yake tsaye. Hanyar ruwa kuwa kamar rijiya ce, in ba a yashe ta sai ta cike. Shekaru da yawa gyara ya yi ƙaranci. Laka ta taru, ciyawar kacala ta toshe magudanai, ƙofofin ƙarfe suka lalace. Na kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi har gonarsa ta jiƙe fiye da kima, na can ƙarshe ya kwana yana jira. Waɗansu suka fasa bango don su ja ruwa da dare, ɓarnar ta ƙaru. Manomi ya ce ba zai biya kuɗin ruwan da bai samu ba, hukuma ta ce ba ta da abin gyara tun da ba a biya ba.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, har da na Kogin Kano. Aka yashe hanyoyi, aka gyara ƙofofi, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin manoma su riƙa tara kuɗi suna kula da ƙananan hanyoyin da ke kusa da gonakinsu. Lokacin aikin an riƙa rufe ruwa na waɗansu watanni. A nan ne kowa ya ga yadda abin yake: da gona ta tsaya, ɗan ƙwadago ya rasa aiki, dillali ya rasa kaya, mai abinci a bakin titi ta rasa masu saye. Mutanen da suka bar marina da cin rani ba su da wata sana'ar rani da za su koma wa.

ABIN LURA

Ba mai hankalin da zai ce a mayar da Kura zamanin da rani yake korar samari daga gida. Garin yana ciyar da mutane da yawa da ba su taɓa ganinsa ba. Amma garin da aka zo wa da shirin ruwa, ya kamata dattawansa su yi tambaya tun ana awo, kafin motocin baje ƙasa su iso. Wa zai sayi abin da za a noma, a ina kuma za a ajiye shi in kasuwa ta cika? Ina aka ware domin kasuwa da injina da tashar mota da juji? Ina burtali da mashaya? Wa zai ba ƙaramin manomi rance mai sauƙi, don kada ya ba da gonarsa jingina? Kuɗin gyara kuma, hannun wa zai shiga, wa zai riƙe littafinsa? Waɗannan tambayoyi ba su da tsada a ranar awo. Bayan shekara 20 kuwa, kowace ɗaya rigima ce.

Ga manomin da ke cikin irin wannan shiri yanzu, shawara ba ta da yawa. Kada ya zuba dukan jarinsa a tumatir guda. Ya raba gona, ya raba lokacin dashe. In yana da gonar tudu, ya bar wa gero da dawa da wake wurinsu, don rumbu ya fi buhun kasuwa amana. Ya dasa itace a inda ba zai tare ruwa ba. Ya hana yara wanka a hanyar ruwa, wanda ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti. Ya biya kuɗin ruwa ya karɓi rasiɗi, ya halarci taron ƙungiya, ya nemi a karanta lissafi a gaban jama'a. Ɗan kasuwa da mai inji su ma su sani gyaran nan nasu ne, ko ba su da ko kunya ɗaya. Akawun ƙungiya kuwa ya riƙe littafi da gaskiya, gama in manoma suka daina yarda da littafin, za su daina biya, in suka daina biya kuma kacala tana nan tana jira. Ran da aka sa ranar yasa, kowa ya fito da shebur ɗinsa, na bakin ruwa da na ƙarshe.